Wane Littafi Za Ka Saya Kan Rikicin Bauta a Amurka?

Ga mai son sanin yadda arewaci da kudancin Amurka suka raba gari a kan bauta har aka gwabza yaƙin basasa a 1861, littattafai uku ne suka cancanci kuɗinsa, dukkansu da Turanci.

Wanda ya fi suna shi ne Battle Cry of Freedom na James McPherson, bugun 1988, ƙato mai shafi wajen 900. Sai dai mafi yawansa labarin fagen fama ne, su Gettysburg da Vicksburg. Musabbabin rikicin a babukan farko kawai yake. In ɗaya tak aljihunka zai ɗauka, kuma kana son har da yaƙin, to shi ne. A kula, akwai bugu mai hotuna da aka rage masa rubutu.

In kuwa abin da ke damunka shi ne me ya kai su ga haka, ni dai The Impending Crisis na David Potter zan ce ka ɗauka. Ya fara daga 1848, lokacin da Amurka ta karɓe makekiyar ƙasa daga hannun Meziko, aka shiga sa-in-sa kan ko bauta za ta shiga sababbin yankunan. Daga nan ya bi sulhun 1850 da dokar kamo bayin da suka tsere, ya zo kan dokar Kansas-Nebraska ta 1854 wadda ta share iyakar da aka shata wa bauta tun 1820, da hukuncin kotun ƙoli na 1857 a shari'ar Dred Scott, bawan da ya kai ƙara yana neman 'yancinsa, har zaɓen Abraham Lincoln shugaban ƙasa a 1860 da ɓarkewar yaƙin a 1861. Potter ya rasu bai kammala ba, Don Fehrenbacher ne ya ƙarasa, aka buga a 1976. Aibinsa, 'yan siyasa ne suka cika shi. Bayi kusan miliyan huɗu da ake rigimar a kansu, da ƙyar ake jin ɗuriyarsu. Turancinsa ma sai an natsu.

Na uku ɗan siriri ne, Apostles of Disunion na Charles Dew, 2001. Ya bi sawun wakilan da jihohin kudu da suka fara ɓallewa daga tarayyar Amurka suka tura su zuga sauran jihohi masu bayi, ya kawo jawabansu, inda suka faɗi ƙarara cewa bauta da fifikon farar fata suke karewa. Duk wanda ya ce maka “'yancin jihohi” ne ya haddasa yaƙin, wannan za ka miƙa masa. Amma daga ƙarshen 1860 ya soma, don haka sai ka riga ka karanta Potter zai yi maka armashi.