Turare ko kula: kyauta ga wadda aka riga ka

Samarin Jos sun dame ni da tambaya: abokiyar karatun da kake so a ɓoye, ga shi an sa mata rana, turare za ka ba ta ko kular abinci?

Turare ba wuya, ka shiga Terminus ka fito da shi a aljihu. Amma fa turare magana yake yi. Ango zai ji ƙamshi ya tambayi wa ya saya, kuma Musulunci ya hana nema a kan nema. Saitin kula akwai nauyin ɗauka, sai dai ƙanwarka ce za ta kai, ya shige cikin gudummawar biki, ya yi shekaru ba mai tambaya.

Turare sai wanda angon ya san shi, kuma zuciyarsa ta haƙura. Wanda har yanzu gabansa ke faɗuwa in ta kira, ya sayi kula.