Man kare fata daga rana: dokar Amurka ko ta Turai?

A Amurka, man shafawa na kare fata daga zafin rana magani ne a idon doka. Hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, ce ke tantance sinadaransa kamar yadda take yi wa maganin tari. A Tarayyar Turai kuwa kayan kwalliya ne, ƙarƙashin dokar 2009, kuma kwamitin masana ne ke duba kowane sinadari kafin a sa shi a jeri.

Bambancin ya fito fili a kan kanti. Turai ta amince da sinadarai kusan 30. A 2019 jerin Amurka 16 ne, kuma a shekarar FDA ta ce biyu kaɗai ta gamsu da su, zinc oxide da titanium dioxide. 12 sai an kawo ƙarin bayani. Sinadarin bemotrizinol, wanda ke tare UVA (wani nau'in hasken rana mai cutar da fata) sosai, Turawa na shafa shi tun farkon shekarun 2000, alhali takardarsa ta kwashe shekara da shekaru a teburin FDA.

Likitocin fata da kamfanoni sun haɗa kai a ƙungiyar PASS mai fafutukar a amince da sababbin sinadarai, suka matsa wa majalisa lamba har Obama ya sa hannu a dokar gaggauta tantancewa a 2014. Ba ta haifar da ɗa mai ido ba.

FDA ma tana da hujja. Gwajinta ya nuna oxybenzone, ɗaya daga cikin sinadaran man, na ratsa fata ya shiga jini, don haka ta nemi gwaji kan dabbobi, abin da Turai ta haramta gaba ɗaya a kayan kwalliya tun 2013. Ni dai na fi karkata ga tsarin Turai mai ba da ƙarin sinadaran kariya, don ciwon dajin fata shi ne dajin da ya fi yawa a Amurka.