Birekar RCBO a layin fitilun gida: ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi

Tun kafin damina na sa mai gyaran wuta ya cire tsofaffin birekokin da ke kan layukan fitilun gidana, ya sa RCBO, wato bireka mai kare waya da mutum duka, mai amfiya 6, miliamfiya 30 (miliamfiya dubu ce amfiya ɗaya). Ga abin da na gani.

Birekar da muka saba da ita waya take karewa. Sai wuta ta yi mata yawa ko wayoyi sun haɗu take faɗuwa, alhali 'yar wutar da za ta iya kashe mutum ba ta kai ko kusa da amfiya ɗaya ba. Ita RCBO tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da zarar miliamfiya 30 ta ɓace a hanya sai ta yanke. Shi ya sa dokar wayoyin Ingila, BS 7671, a bugunta na 2018 ta wajabta irin wannan kariya a layin fitilun gidajen zama. A can, ƙaramin layi mai bolt 230 dole ya yanke cikin daƙiƙa 0.4, ko 0.2 idan gidan da sandar ƙasa ya dogara, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don wutar da ta ɓace ta bi. Mu ma 230 ɗin muke sha.

Ranar da aka ɗaura, layin falo ya ƙi tsayawa. Ana kunna kwan baranda sai tas, ta faɗi. Mai gyaran ya hau silin, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ai wanda ya yi wayarin nan aron nitiral ya yi daga layin soket." Shekaru gidan na haka, tsohuwar bireka ba ta taɓa cewa uffan ba. Raba wayoyin ya fi birekar kanta cin kuɗi, don haka mai tsohon gida ya shirya.

Da ruwa ya sauka kuma ta sake faɗuwa, wannan karon layin waje. Muka buɗe fitilar bakin ƙofa, ruwa kwance a cikin murfin, tsatsa ta cinye mariƙin kwan. A jikin ƙofar ƙarfe take, wadda yara ke rataya a kai kullum. Nan na daina jin zafin kuɗin.

An so a sa mini RCD, wato na'urar da ke yanke wuta idan ta ɓace a hanya, guda ɗaya ga gida duka, wai ya fi araha. Na ƙi, don fitila ɗaya ta sha ruwa sai firij da fanka da komai su mutu tsakar dare. Kowane layi da tasa ya fi.

Jabu sun cika kasuwa. Maɓallin gwaji da ke jikin RCBO, wanda ake so a danna duk wata shida, ba ya nuna saurin yankewa. Ka nemi mai gyaran da ke da na'urar aunawa, a gwada a gabanka, da wutar gwamnati, sannan a juya kan janareta a sake.