Wayar ɗumama bututu da na gani a Houston

Yaya, barka da war haka. Ka ce in ba ka labarin kayan famfo na Amurka, tunda harkarka ce a Ƙofar Ruwa. To, akwai abin da ba na jin za ka taɓa sayarwa a Kano: wayar lantarki da ake shimfiɗa wa bututu don kada ruwa ya daskare a ciki.

Houston gari ne mai zafi a jihar Texas, sanyinsa bai cika wuce 'yan kwanaki ba, shi ya sa magina ke bi da bututu ta cikin silin da bangon waje. A watan Fabrairun 2021 sanyi ya sauko Texas, ya yi ƙasa da sifiri. Ka san idan ruwa ya zama ƙanƙara kumbura yake, kusan kashi 9 cikin 100, har ya fasa bututu. Sai da gari ya fara ɗumi sannan na ji ɗis-ɗis a ɗakin yara, kafin azahar silin ya rufto kan katifa. Masu gyaran famfo suka yi wuyar samu, har gwamna Greg Abbott ya buɗe wa na wasu jihohi ƙofa. A gida kira ɗaya za ka yi yaro ya zo da jakarsa. A nan zuwan ma kuɗi ne, tun kafin a taɓa sifana.

Bayan nan na sayi wayar a Home Depot, wani babban kantin kayan gini. Baƙa ce, tana da ɗan ƙulli mai auna sanyi, wanda ke kunna ta da kansa idan an kusa digiri 3, ya kashe idan an sami ɗumi. Ana miƙe ta jikin bututu, a ɗaure da salatif na lantarki, a rufe da soso. Kada a kuskura ta hau kan kanta, don tana iya jawo gobara. Aikinta yana kyau, gaskiya, kuma ba ta cin wuta sosai.

Amma fa wuta take so. A sanyin nan na 2021 an ɗauke wa miliyoyin mutane wuta, wasu kwana da kwanaki. Saboda haka yanzu da zarar an yi hasashen sanyi, nakan cika bokitai kamar yadda Hajiya ta saba, in rufe babban makullin ruwan gidan, in buɗe famfuna su tsiyaye.

A gaishe min da Hajiya da yara.