Ƙarin kujeru a bayan jif: kujerun sun yi, mai ɗaurin ne ya cuce ni

Jif ɗina mai cin mutum biyar ce, iyali kuwa sun fi haka, shi ya sa na kai aka ƙara min kujeru biyu a but, irin masu naɗewa su jingina da bango. Da na karɓo motar har na yi wa mutumin ihsani. Yadin ya shiga da na gaba, kuma gaba suke kallo, ba bencin nan da ake zama ana kallon juna ba. Da ma haka na nema, domin bel ba ya riƙe wanda ya zauna a kaikaice yadda ya kamata. Land Rover ma tun 2007 ta daina sa masu kallon gefe a Defender saboda dokar Turai. A kan kwalta shiru kake ji.

Da muka shiga gargada ne asiri ya tonu. Na taka birki a bakin wani kwazazzabo, sai ji na yi ƙwas, yaro ya fasa ihu. Ƙafar kujerar ta ɗago da ƙarfen daɓen motar, ta yage shi kamar gwangwanin madara. Allah ya tsare, goshi kawai ya buga. Na kwanta ƙarƙashin mota na haska: an huda bodi an zura noti da 'yar washa, babu farantin ƙarfen da zai raba nauyi. Bel ɗin ma a jikin kujerar aka ɗaure shi, wato in ta tashi, da yaron za ta tashi. Abin da ya fi tayar min da hankali, tsinin noti ɗaya saura kaɗan ya taɓa tankin mai.

Na koma masa, wai "Yallaɓai, ai lodi ya yi mata yawa." Ɗan firamare ne lodin?

Wani gareji na kai aka sake aikin daga farko: faranti mai kauri a ƙasa, bel mai ratsa kafaɗa a jikin bodi, aka shafe hudojin da fenti da gam don tsatsa da ƙura. Yanzu kam ko motsi ba sa yi, yara har rigima suke kan wa zai zauna can.

Amma fa babba kada ya yaudari kansa. Daɓen baya na da tudu, gwiwa sai ta kusa kai ƙirji, sanyin esi kuma ba ya isa wurin. In an buɗe su but ya tafi, jaka sai a cinya. Bayan motar ma yana zama in an cika, gyaran sifirin na jira na. Ga takardu da inshora har yau mutum biyar suka sani, zirga-zirgar gyara su ma mai ɗaurin farko bai taɓa ambata min ita ba. Duk wanda zai sa, ya ce a ɗaga motar ya ga ƙarƙashinta da idonsa kafin ya biya.