Guntuwar suwaita mai ɗauri a gaba: tsarin saƙar da na saya dala 7

Autarmu ce ta jawo mini wannan aiki. Wata Asabar ta zo gidana a Agege, ko gyale ba ta cire ba ta miƙo mini waya: "Yaya, dubi nan. Don Allah ke za ki saƙa mini." Hoton wata guntuwar suwaita ce, iyakarta ƙugu, gabanta a buɗe babu maɓalli, sai igiya biyu da ake ɗaurewa a ƙirji, hannu dogo mai ɗan faɗi. Na ce mata, a Legas ɗin nan da mutum ke fitowa daga wanka yana gumi, me za ki yi da rigar sanyi? Ta ce a ofishinsu na Ikeja na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, har yatsunta ke ƙagewa a kan kwamfuta, kuma abin da za ta ɗora a kan doguwar riga take so, ba jibgegiyar rigar da za ta mayar da ita kamar mai gadi a hunturun Jos ba. Inna tana gefe tana jan carbi. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da fuskarta, ta ce: "Wannan zare ne ya ƙare wa mai saƙar, ko haka aka yi niyya?"

Ni tun ina firamare a Kano na koyi riƙe kwarashi a wurin kakata. Hular jarirai, safa, shawul, duk da ido nake yinsu, ban taɓa bin takarda ba. Amma rigar babban mutum daban ce. Akwai kafaɗa, akwai hammata, akwai wuya, kuskuren wuri ɗaya sai ya bi rigar har ƙasa. Dole na nemi rubutaccen tsari.

Makon farko a banza ya tafi. Hotuna kam ga su nan birjik a intanet, amma in na danna sai in tsinci kaina a kantin masu sayar da saƙaƙƙiyar riga. Bidiyon koyarwa kuma, mai yi jikinta take aunawa, ita ko Auta tamu ba siririya ba ce. Daga baya na samu wani tsari na kyauta a shafin wata baiwar Allah, na yi murna na hau aiki. Kwana huɗu ina saƙa, sai na ga abin da ya kamata ya tsaya a kafaɗa ya kusa kai cibiya. Na warware, na sake, haka dai. Ashe matsalar suna ce. Ƙullin da Amurkawa ke kira dabul, wato wanda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi kafin a soka, Turawan Ingila tirebul suke ce masa. Nasu dabul ɗin kuwa shi ne ɗan gajeren ƙullin da Amurkawa ke kira singul. Duka ɓangarorin biyu "dc" suke rubuta dabul ɗinsu a taƙaice, amma tsayin ɗaya ya kusa ninka na ɗaya. Mai shafin da lissafin Ingila ta rubuta, ba ta kuma faɗa ba, ni kuma da na Amurka na karanta don shi na saba ji a bidiyo. Yanzu na gane dabarar: in kika ga "sc", wato singul, a cikin tsari, to na Amurka ne, don a lissafin Ingila babu wannan sunan. Araha dai ba ta ado.

Wata maƙwabciyata Bayarabiya, mai saƙa jakunkuna tana tallarsu a Instagram, ita ta ga ina ta warwara a bakin ƙofa ta ce in gwada Ravelry. Shafin intanet ne na masu saƙar kwarashi da ta kibiya, wato wadda ake yi da tsinke biyu, tun 2007 yake, kuma rajista kyauta ce. Abin da ya burge ni shi ne yadda ake tace bincike, kamar mai tankaɗe gari. Na zaɓi kwarashi, duk na kibiya suka fita. Na zaɓi riga mai buɗaɗɗen gaba, na zaɓi ta manya, na zaɓi kaurin zaren da zan iya samu a kasuwa, sannan na rubuta cewa guntuwa nake so mai ɗauri. Daga tulin da ba ya ƙirguwa sai ga 'yan kaɗan da zan iya dubawa ɗaya bayan ɗaya a dare guda. Amma babban amfanin wurin a gare ni, kowane tsari yana da sashen da waɗanda suka riga suka saƙa shi ke sa hotunan nasu, da zaren da suka yi amfani da shi, da abin da ya ba su wahala. Hoton mai tsarin kullum kyakkyawa ne, ai mai talla ba ya kushe hajarsa. Sai a hotunan mutane ne kike ganin rigar a jikin mai ƙiba, da guntuwa, da wadda hannunta bai gama faɗawa ba. A nan na watsar da tsari biyu da suka fara kwanta mini a rai, don kusan duk mai cikar ƙirji da ta saka su sai gaban ya wangale.

Wanda na tsaya a kai na kuɗi ne, dala 7, wajen naira dubu 10 da 'yan kai a canjin lokacin. Katina bai wuce ba, sai da ɗan yayata ya biya da nasa na dala, na tura masa naira. Na kai takardar wurin masu buga takardu a bakin titi aka fitar mini da shafi 11, don ba zan iya ƙirga ƙulli ina leƙen waya ba, balle in an ɗauke wuta caji ya ƙare.

Tsarin ya ci kuɗinsa ta fuskoki da dama. A shafin farko mai tsarin ta faɗa ƙarara cewa da lissafin Amurka ta rubuta. Girma 9 ta bayar, kowanne da awonsa a inci da santimita, ga zanen rigar a shimfiɗe da awon kowane gefe. Daga wuya ake farawa a gangaro, ana ƙara ƙulli a kusurwa huɗu har a isa hammata, sannan a ware hannuwa a ci gaba da jiki. Ba sai an saƙa gaba daban, baya daban, a zo ana haɗawa da allura ba. Amfanin wannan, ana iya gwada rigar tun tana kan kwarashi. Duk Asabar Auta ta zo sai in rataya mata ita a kafaɗa, ƙwallon zare na reto a bayanta, in ga inda muka kwana.

Wurin da na so in yi gaggawa, Allah Ya taimake ni ban yi ba, shi ne ɗan gwajin da tsarin ya ce a fara saƙawa. Ta ce ƙulli 16 da layi 9 su ba da santimita 10 da kwarashi mai milimita 4. Da can ina ganin wannan ɓata zare ne. Da na gwada, nawa ƙulli 18 ne a santimita 10, don hannuna yana da matsi, haka kakata ta koya mini. Ƙulli biyu kamar ba komai ba. Amma ki lissafa: girman Auta yana buƙatar ƙulli 154 a zagayen ƙirji don a samu santimita 96. Da hannuna, santimita 85 da 'yan kai zai fito. An rasa fiye da 10, rigar ko haɗuwa ba za ta yi a gaba ba. Na koma kwarashi mai milimita 4.5, awo ya zauna.

Zare kuwa sai da na shiga cikin Eko, kasuwar Balogun, bayan gosulon da ya ci mini rabin yini. Mai tsarin da ulun tumakin merino ta yi tata, abin da ya dace da ƙasarsu. A nan, wanda ya sa wannan ya fito tashar danfo sai an yi masa fifita. Zaren roba irin na hular jarirai shi ma yana riƙe zafi, ga shi yana yin ƙuraje in ya sha wanki. Na zaɓi mai haɗin auduga, wanda 'yan kasuwa ke kira milik kotin, kalar ƙasa-ƙasa, ƙwallo mai giram 50. Takardar jikinsa ba ta faɗi tsawo ba, tsarin kuma mita 900 ya nema. Na tambayi Iya mai shagon, ta ce in sayi goma kawai, ba zan yi asara ba. Na sayi ɗaya tukuna, na zo gida na auna mita 10 da tef, na ɗora a sikelin maƙwabciyarmu mai yin kek, ya ba ni giram 4. Ke nan ƙwallo ɗaya wajen mita 125 ne, takwas sun isa. Na koma na ƙaro takwas daga leda ɗaya, na bar na farkon a matsayin ko-ta-kwana. Ku riƙa sayen zaren riga gaba ɗaya. Rini yana bambanta daga kaya zuwa kaya, a cikin shago ba za ki gani ba, sai an fita rana rigar ta rabu gida biyu.

Yanzu ga inda tsarin ya gaza, kuma abin mamaki a kan igiyar ɗaurin ne, wadda dominta aka sayi rigar. Cewa kawai ta yi a ja sarƙa mai ƙulli 70 a kowane gefe. Da ulu mai sauƙi wataƙila hakan ya wadatar. Da auduga, wadda ta fi nauyi, sarƙar sai ta murɗe kamar taliyar hannu, ta miƙe, gaban rigar ya rinjayo ƙasa. Sai da na sake bin kowace sarƙa da ƙaramin ƙulli daga ƙarshe zuwa tushe, ta yi kauri kamar igiyar wando, na kuma ƙarfafa gindinta da layi biyu. Ko kalma ɗaya ba ta ce ba game da wanda zai canza zare, alhali a hotunan mutane na ga da yawa auduga suka yi amfani da ita. Akwai kuma kuskuren lissafi a ragin hannu na girman da na bi, adadin ƙullin da ta ce zai rage bai yi daidai da umarninta ba. A bayanan wata da ta riga ni saƙawa na ga gyaran. Hotunan koyarwar kuma da zare mai duhu ta ɗauke su, mai neman ganin inda kwarashi ya shiga sai dai ya yi ta ƙifta ido.

Sauran gyare-gyaren ba laifinta ba ne, namu ne. Wuyan ya zurma da yawa, tsayin kuma a ƙasan ƙirji ya tsaya. Na ƙara layi 6 ya sauko daidai ƙugu, na ɗaga wurin ɗaurin sama, na ƙara igiya ta biyu a ƙasansa don kada gaban ya buɗe in ta ɗaga hannu. A kan doguwar riga baƙa, da mayafi, ta zauna ɗas. Inna ma da ta gani cewa ta yi, "To, yanzu dai ta yi kama da tufa."

Bayan wankin farko hannuwan sun ƙara tsayi da kusan santimita 3, halin auduga ke nan. Da na sani da na rage layi biyu. Kada a rataye ta a igiyar shanya, nauyin ruwa zai ja ta. A shimfiɗe nake busar da ita a kan tawul, kuma a damina irin ta Yuli sai da ta kwana biyu a ƙarƙashin fanka.

Mata biyu a layinmu sun ce in tura musu takardar ta WhatsApp. Na ba su haƙuri. Mai ita ta rubuta cewa kada a rarraba, ko da yake ta yarda a sayar da rigar da aka saƙa da hannu. Wahalarta ce, lissafin girma 9 ba wasa ba ne, ni kuma ba na son haƙƙin wadda ko fuskarta ban sani ba. Ɗaya ta ji haushi, har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Wadda ta iya riƙe kwarashi, tana ɗan karanta Turanci, kuma za ta daure ta yi gwajin awo, zan ce ta saya. Wadda ba ta taɓa wuce hular jariri ba, ta fara neman wadda za ta zauna kusa da ita a layuka goman farko, don a wurin ƙarin kafaɗa ake ɓata. Mai saƙar kibiya ta nemi nata daban, wannan na kwarashi ne zalla.

Mako uku na yi a kanta, bayan isha'i zuwa sha ɗaya, ban da kwana huɗun da na warware. Auta ta sa ta ranar Litinin, zuwa Laraba ta kira ni wai abokan aikinta biyu suna so. Na zauna na haɗa kuɗin zare, da na mota zuwa Balogun sau biyu, da dare ashirin da ɗaya na ciwon wuya, na faɗa mata farashi ta kai musu. Yau wata guda ke nan, ba wadda ta sake tayar da maganar.