Sa'a Guda a Kan Tafkin Loch Ness: Sharhi Kan Jirgin Neman Dodo

Duk wanda ya sauka a Inverness, babban birnin yankin tsaunuka na arewacin Sikotilan, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da hoton wata dabba mai dogon wuya da tozo a jikin riguna da kofuna da motocin haya. Wannan ita ce Nessie, sunan shagwaɓa da mutanen wurin suka laƙaba wa dodon da ake cewa yana zaune a cikin tafkin Loch Ness. Kamfanoni da dama suna da jiragen ruwa da ke ɗaukar baƙi su zaga da su a kan tafkin, kuma mafi yawansu suna tallar cewa jirginsu yana ɗauke da na'urar sona, wadda ke aika sauti zuwa ƙarƙashin ruwa ta saurari amsa-kuwwarsa, sannan ta zana abin da sautin ya ci karo da shi a kan allo. Na shiga ɗaya daga cikin irin waɗannan jirage a tafiya ta sa'a guda, kuma na fito da ra'ayin cewa kuɗin bai faɗi a banza ba, sai dai abin da ya biya kuɗin ba shi ne abin da aka rubuta a allon talla ba.

Sayen tikiti ta intanet bai ba ni wahala ba, jirgin ya tashi a kan lokaci, kuma yana da tsabta. Farashin ba ƙarami ba ne ga wanda ke lissafi da naira ko sefa. Akwai ɗakin zama mai gilashi a ƙasa inda ake sayar da shayi da kofi, da kuma buɗaɗɗen bene a sama. Wanda ba ya son zama kusa da inda ake sayar da barasa ya san cewa teburin shayin shi ne kuma na barasar, don haka saman ya fi masa, muddin ya zo da rigar sanyi mai kauri.

Tafkin kansa shi ne abu na farko da ya cancanci kuɗin. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 37, faɗinsa kuwa bai kai kilomita 3 ba ko a inda ya fi buɗewa, yana miƙe kamar an ja shi da igiya, domin yana kwance ne a cikin wata tsohuwar tsagar ƙasa da ta raba tsaunukan yankin biyu. Zurfinsa ya kai mita 230 a wuri mafi zurfi, kuma ruwan da ke cikinsa ya fi na dukkan tafkunan Ingila da Wales idan aka haɗa su. Abin da lissafi ba zai nuna wa mutum ba sai ya leƙa da idonsa shi ne launin ruwan. Rafukan da ke zuba a ciki suna ratsowa ne ta cikin ruɓaɓɓen ciyayi na tsaunuka, saboda haka ruwan ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a kan wuta, kuma 'yan mitoci kaɗan daga sama haske yake ƙarewa. Wanda ya tashi yana jin labarin ayu a bakin kogin Binuwai ko Neja zai gane nan take dalilin da ya sa ruwan da ba a ganin cikinsa yake haifar da labari. Bambancin kawai shi ne ayu dabba ce da masunta suke kamawa, na Loch Ness kuwa har yau ba a samu ko ƙashinsa ba.

Abu na biyu shi ne jagoran jirgin, kuma a kansa zan fi tsayawa, domin na shiga ina zaton za a cika mini kunne da tatsuniya, sai na tarar da mutumin da yake rushe hujjojin dodon ɗaya bayan ɗaya yana murmushi. Ya fara da labarin Columba, malamin Kirista da aka ce ya tsawata wa wata dabbar ruwa wajen shekarar 565, ya kuma yi adalcin faɗin cewa an rubuta labarin ne fiye da shekaru ɗari bayan faruwarsa, kuma a kogin Ness aka ce abin ya auku, ba a tafkin ba. Daga nan ya tsallako zuwa 1933, shekarar da dodon ya zama abin da duniya ta sani. A lokacin an gyara hanyar motar da ke bin gefen arewa na tafkin, an sare itatuwa, ruwan ya fito fili ga matafiya. Aldie Mackay, mai kula da wani otal a garin Drumnadrochit, ta ce ta ga wani abu mai kama da babban kifin teku yana birgima a ruwa, jaridar Inverness Courier ta buga labarin a watan Mayu, daga nan jaridun Landan suka ɗauka.

Labarin da ya fi ba fasinjoji dariya ya shafi dabbar da mu muka fi su sani. A ƙarshen 1933 jaridar Daily Mail ta ɗauki hayar wani mafaraucin manyan namun daji mai suna Marmaduke Wetherell domin ya nemo dodon, kuma cikin 'yan kwanaki ya sanar cewa ya gano manyan sawaye a bakin ruwa. Da aka kai samfurinsu gidan adana tarihin halittu na Landan, masana suka ce sawun dorina ne, kuma duka da ƙafa guda busasshiya aka buga su. Jaridar ta yi masa ba'a, shi kuma ya ƙulla ramuwa. A watan Afrilun 1934 jaridar nan ta buga hoton da har gobe shi ne fuskar dodon, wato dogon wuya da ɗan ƙaramin kai sun fito daga ruwa, wanda aka ce wani likita ɗan Landan, Robert Kenneth Wilson, ya ɗauka. Sai a 1994 asiri ya tonu a bainar jama'a, bayan agolan Wetherell, Christian Spurling, ya amsa kafin rasuwarsa cewa shi ya sassaƙa kan da wuyan, aka ɗora su a kan wani jirgin ƙarƙashin ruwa na wasan yara. An sa sunan likita ne saboda ana ganin mutum irinsa ba zai yi ƙarya ba. Shekaru sittin ke nan mutane suna kafa hujja da abin wasa.

Bayan haka jagoran ya nuna mana abin da ya fi kowane labari amfani. Wani jirgi ya wuce mu da nisa, ya ce mu bar kallon jirgin mu zuba wa ruwan ido. Mintuna bayan jirgin ya ɓace, sai ga wasu baƙaƙen tuddai uku ko huɗu a jere suna tafiya a hankali a kan ruwan da ke kwance lumui. Igiyar ruwan da jirgin ya bari ce. Da yake tafkin siriri ne kuma gefensa a tsaye yake, igiyar takan daɗe tana tafiya, ta bugi gaɓa ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta, har ta yi siffar tozo. Da ban ga jirgin ba, kuma da daga bakin hanya na hango abin da yamma, zan iya rantsewa cewa na ga dabba, kuma ba ƙarya zan yi ba. Wannan ya canza mini yadda nake kallon mutum fiye da dubu da aka rubuta cewa sun ga dodon. Mafi yawansu sun ga wani abu da gaske, ko igiyar jirgi, ko kututturen itace, ko tsuntsaye, ko barewa tana iyo, ko karen ruwa. Wurin fassara abin ne aka samu saɓani.

Na'urar sona kuwa, wadda ita ce kan gaba a talla, ita ce mafi ƙarancin armashi. Allon yana nuna gangaren tafkin da shimfiɗaɗɗen ƙasansa, da wasu 'yan baka-baka masu launi waɗanda kifaye ne, kuma ganin lambar zurfi tana haurawa sama da mita 200 a ƙarƙashin ƙafafunka yana sa gaba ta ɗan faɗi. Amma allon ƙarami ne, jama'a sun yi masa rumfa, kuma babu wanda ya tsaya ya koya wa fasinja yadda ake karanta shi. Na kuma lura cewa wanda ke bene ba ya jin bayanin sosai idan iska ta taso, saboda haka dole mutum ya zaɓi ko kallo ko saurare. Abin da ya kamata a faɗa a gaban allon, kuma ba a faɗa da ƙarfi ba, shi ne cewa na'urori da suka fi wannan nesa ba kusa ba sun riga sun tace tafkin. A 1987 jerin jirage fiye da ashirin suka share shi da sona a ƙarƙashin jagorancin wani mai binciken tafkin, Adrian Shine, suka samu alamu uku da ba su iya bayyanawa ba, ba su samu dodo ba. A 2003 BBC ta ɗauki nauyin wani binciken, shi ma bai ga komai ba. A 2016 wata na'ura mai nutso ta gano abu mai siffar dodo, tsawon kusan mita 9, kwance a ƙasa, sai ya zamana gunki ne da masu shirya fim suka ƙera ya nutse musu a 1969.

Bincike mafi nauyi ya zo a 2018, lokacin da Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago da ke New Zealand ya ɗebi samfurin ruwa guda 250 daga sassa da zurfafa daban-daban, domin kowace halitta tana barin ɓurɓushin ƙwayoyin gadonta a ruwan da take rayuwa. Sakamakon da aka bayyana a 2019 bai nuna alamar wata dabba mai rarrafe ba ko kaɗan, amma ya nuna yawan wani dogon kifi mai siffar maciji. Masu ra'ayin cewa dodon ragowar wata tsohuwar dabba ce mai dogon wuya suna da wata matsalar kuma: irin waɗannan dabbobi sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, alhali kwarin da tafkin yake ciki ƙanƙara ce ta cika shi har zuwa kimanin shekaru 10,000 baya. Ruwan kuma yana da sanyi, kifayen cikinsa ba su da yawan da za su ciyar da zuriyar manyan dabbobi.

Jagoran ya san duk wannan, ya kuma faɗi mafi yawansa, amma duk lokacin da ya kai gaɓar da hujja za ta rufe ƙofa, sai ya bar ta a ɗan buɗe da cewa ruwan yana da zurfi, kuma wa ya sani. Ban ga laifinsa sosai ba, domin abincinsa da na ƙauyukan da ke kewaye yana cikin wannan 'yar ƙofa. Sai dai mai shiga jirgin ya gane cewa jumlar ƙarshen ta kasuwa ce, waɗanda suka gabace ta kuwa na ilimi ne.

Jirgin ya juya a gaban kufan fadar Urquhart, wadda sojoji suka tarwatsa wani ɓangarenta a 1692 don kada abokan gaba su amfana da ita, kuma daga kan ruwa ta fi kyan gani fiye da daga bakin hanya. A daidai nan ruwan yana da zurfi ƙwarai, nan ne kuma aka fi ba da rahoton ganin dodon, wanda ba abin mamaki ba ne tunda nan ne aka fi samun masu kallo. Ina ba da shawarar tafiyar ga malamai da ɗalibai da iyaye masu yara, da duk mai sha'awar sanin yadda ake bin diddigin abin al'ajabi. A zaɓi jirgin safe lokacin da ruwa yake kwance, a zauna kusa da jagora a rabin farko, sannan a hau bene a lokacin dawowa, a jira wani jirgi ya wuce.